Ku Tambayi Anti Nas: Maigida ya ce gwaji ake da yaranmu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Ni dai matsalata maigida ne, jaririna ya kusa wata biyu, an yi masa allurar ranar haihuwa amma ya hana ni komawa, wai shi bai manta da abin da aka yi a Kano a 1996 ba, kuma wai ya ji a rediyo sabuwar allurar maleriya kashi 75 kawai take aiki, to in ba gwaji ake da mu ba me ya hana ta kai ɗari? Wallahi na rasa amsar da zan ba shi.
Maman Sadik, Kurna

AMSA: Wa alaikumus salam Maman Sadik, Allah ya raya mana Sadik. Kada ki soma da ce masa ba shi da gaskiya, don zancen 1996 ba tatsuniya ba ce. Lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na IDH da ke Kano, yara kusan 200 aka saka a gwajin, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75 duk da kamfanin bai amsa laifi ba. Wanda maciji ya sara ai ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle, kuma wannan tabon na cikin abin da ya sa aka dakatar da ɗigon foliyo a jihar nan a 2003. Sai dai ki lura, Trovan magani ne da aka ba waɗanda suka riga suka kwanta, kuma ba a gama bincike a kansa ba a lokacin. Allurar da ke jiran Sadik kuwa an daɗe da gama gwajinta, shekara da shekaru ana yi wa yara a duniya.

Yanzu ga kashi 75 ɗin nan, don a nan ne mutane ke ruɗewa. Masu bincike raba yara suke gida biyu, a yi wa waɗannan sabuwar allurar, waɗancan a yi musu wata daban, sai a zuba ido a ga su wa zazzaɓi zai kama. In a gida na biyu yara 100 suka kamu, a na farko kuma 25 kacal, shi ne ake cewa kashi 75. Kin ga ba wai kwata ɗin allurar ruwa ba ne. Wannan ta maleriya, R21 sunanta, jami'ar Okusfod ta Ingila ce ta ƙirƙiro ta, kamfanin Serum na Indiya yake haɗawa, sai da ta wuce ɗakin bincike da dabbobi da manya 'yan kaɗan kafin a zo kan yara 4,800 a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya, sannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a Oktoban 2023, Najeriya ta fara a Disamban 2024 da jihohin Kebbi da Bayelsa.

Me ya sa ba ta kai ɗari ba? Ƙwayar maleriya muguwar 'yar wayo ce, daga bakin sauro ta shiga hanta da kama ɗaya, ta fito cikin jini da wata kamar, garkuwar jiki na binta tana sauya riga. Yayar R21, wato RTS,S, tun 1987 aka fara aikinta ba ta samu amincewa ba sai 2021, shekara 34 fa! Ƙyanda kuwa ba ta iya wannan sauye-sauyen ba, shi ya sa allurarta in an yi sau biyu take kai kusan kashi 97. Ni a wajena da a ce mini ɗari bisa ɗari gara wanda ya fito ya ce 75 ce kuma kada ku ajiye gidan sauro, shi ne mai gaskiya.

Amma fa ta maleriya ba ita ce a gabanki ba, sai wata biyar ake fara ta. Wadda lokacin fara ta ya wuce ki ita ce fenta, allurar da ke kare yara daga cututtuka biyar, ta sati 6 da 10 da 14, a cikinta akwai rigakafin mashaƙo, kuma kin san yadda mashaƙo ya yi mana a 2023, Kano ce ta fi kowace jiha, mafi yawa yaran da ba a yi wa allura ba ne ko aka fara aka watsar. Ba ki makara ba, ana ɗorawa.

Shawarata ki bari sai ya ci tuwo ya natsu, kada ki tare shi a ƙofa. In mahaifinsa ko wani kawunsa na raye ya duba damtsensa, zai ga tabon lamba kamar kwabo, ta agana ce, cutar da tun 1980 aka shafe ta daga duniya. Sannan ki roƙe shi ku je tare, ya ce nas ta nuna masa kwalbar, akwai wani ɗan da'ira a jikin takardar da fari-fari a tsakiya, in zafi ya taɓa allurar sai tsakiyar ya yi duhu a jefar da ita. Maza da yawa in suka riƙe kwalbar da hannunsu suka ga lambar NAFDAC sai jikinsu ya yi sanyi. Ki tafi da katin Sadik.

TAMBAYA: Anti 'yata ta kwana da zazzaɓi bayan allura, cinyar ta ɗan kumbura, in daina kai ta ne?
Ummi, Gwammaja

AMSA: A'a Ummi, jiki ne ke koyon faɗa, kwana ɗaya zuwa biyu yake wucewa. Ki yawaita ba ta nono, ki sa tsumma mai sanyi a wajen, banda gasawa da ruwan zafi ko murzawa da man zafi irin na kakanni. In ta ƙi kama nono, ko jijjiga, ko zazzaɓin ya haura kwana biyu, to asibiti a ranar, kada ki tsaya kemis.