Katin girafik mai tsimin wuta a laftof ɗin gem: abin da na gani da idona

Ɗan'uwa, ka tambaya ko laftof ɗin gem mai katin girafik ɗin da ba ya cin wuta sosai ta cancanci kuɗinta, ko gara ka daure ka sayi mai ƙarfin gaske. Na riƙe iri biyun, don haka ga nawa.

Kada sunan katin ya ruɗe ka. RTX 4060 na laftof sunansa ɗaya a ko'ina, amma kamfanin da ya haɗa na'urar ne ke yanke wutar da zai sha, daga wat 35 har 115. Daga 2017 Nvidia, kamfanin da ke ƙera katin, ta riƙa liƙa wa masu ƙaramar wuta sunan Max-Q, kana gani ka gane. Daga 2021 aka cire shi daga jikin suna, sai dai ka nemo lambar TGP, wato yawan wat ɗin da aka ware wa katin, da kanka. A nan aka yi min sakiyar da ba ruwa. Na sayi siririyar laftof ta hannu mai RTX 3060, ina ta cika baki, sai muka jera ta da ta abokina, ita ma 3060 amma kauri kamar bulo. Gem ɗaya, saiti ɗaya, tasa sumul, tawa tana ɗan sarƙewa. Da muka buɗe Nvidia Control Panel muka duba System Information, tawa wat 75, tasa 130. Mai shagon bai yi min ƙarya ba, ni ne ban tambaya ba.

To amma fa daga baya ni na riƙa yi masa dariya. Cajarsa ta wat 230 ce. Da an ɗauke wuta ya jona ta a ƙaramar inbatarsa ya shiga gem, sai ta fara ƙara, fankar ɗaki ma a kashe ta. Ni kuwa da sola ɗina nake kaiwa tsakar dare. Ga zafin watan Afrilu: tasa tana kuka kamar injin markaɗe, kuma da ta ɗau zafi ita da kanta take rage gudu, ratar da ke tsakaninmu ta ragu. Ƙurar hunturu kam ba ta bar kowa ba, dole a buɗe a share fanka.

Sai dai kada ka ɗauka tsimin wuta na nufin gem a kan batir. Batirin laftof ba ya wuce wat-awa 100 saboda dokar shiga jirgin sama, kuma kana zare caja katin zai ja da baya. Inda batir ke daɗewa shi ne wajen rubutu da kallo, lokacin da Optimus, tsarin Nvidia na tsimin batir, ya kwantar da katin ya bar ƙaramin girafik na cikin firosesa yana aiki.

Da ni ne yau, 4060 mai wat 80 zuwa 100 zan nema, don abin da ake ƙaruwa da shi sama da nan kaɗan ne, ga DLSS, fasahar Nvidia da ke ƙara wa gem gudu, yana taimakawa. Ka kuma duba VRAM, wato memorin da ke cikin katin kansa: 4060 giga 8 ne, 4050 giga 6, tsohon 3050 kuwa 4, sababbin gem suna shaƙe shi. In ƙwallo da GTA V ne kawai abin bugawarka, 4050 ya ishe ka, ragowar kuɗin ka ƙara RAM. Faɗa mana ƙarfin inbatarka da kuɗin da ke hannunka, sai mu san wacce za mu nuna maka.