Amsa ga ƙanenmu soja kan rubuta aya a jikin bindiga

Ƙanena, sau uku na karanta tambayarka kafin hannuna ya daina rawa. Ka ce abokan aikinka sun zana Zabura 144:1 a gindin bindigoginsu, suna matsa maka kai ma ka yi, kana son sanin ko ya dace ga mai bin Almasihu. Ni na yi. Da ƙusa na zana tawa, ayar nan da Dawuda yake yabon Ubangiji mai koya wa hannuwansa yaƙi.

Wani na gaba da ni ne ya sa mu. Kullum kafin mu fita sai ya ɗora hannu a kan makamanmu, ya ce harsashin da ya fito daga bindiga mai aya ba ya kuskure. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Wani dare a shingen bincike mota ta taho ba ta rage gudu ba, na buɗe wuta. Da muka haska tocila, dattijo ne shi kaɗai, birki ne ya ƙwace masa. Hularsa tana kan kujera, ko jini bai taɓa ta ba. Har yau ina ganin hular nan. Ina durƙushe ina amai, na gaba da ni ɗin nan ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah ne ya saita maka." Bai taɓa neman gafarar kowa ba, bai ma tambayi sunan dattijon ba. Na yi shekaru ina roƙon Allah ya cire mini ɗacinsa daga zuciya, har yanzu da saura.

Ka goge, ko kuma kada ka fara. Ayar ba ta da laifi, amma tun da na zana ta na daina tambayar kaina kafin in danna kunama.

Kuma kada wani ya ce maka aikin soja zunubi ne. A Luka 3:14 sojoji sun je wurin Yahaya Mai Baftisma, bai ce su tuɓe kaki ba, ya ce kada su yi ƙwace, kada su yi wa kowa ƙazafi, su dangana da albashinsu. Toma Akwinas, babban malamin tauhidin Kirista na zamanin da, shi ma ya gindaya sharuɗɗa uku kafin yaƙi ya halatta: hukuma ta halal, dalili na gaskiya, da kyakkyawar niyya. Amma ka duba 1 Tarihi 22:8. Dawudan da suke ɗauko zaburarsa, Allah ya hana shi gina Haikali saboda yawan jinin da ya zubar. Wannan ba su taɓa karanta mana ba.

Abin ma ya taɓa faruwa a Amurka. A watan Janairun 2010 tashar ABC ta bankaɗo cewa kamfanin Trijicon yana buga JN8:12 da 2COR4:6, wato Yahaya 8:12 da 2 Korintiyawa 4:6, a jikin madubin saitin bindigogin da sojojinsu ke amfani da su a Iraƙi da Afganistan. Yahaya 8:12 fa, inda Yesu ya ce shi ne hasken duniya, a kan abin da ake auna ƙirjin mutum! Janar Petraeus, babban kwamandan sojojin Amurka a yankin a lokacin, shi kansa ya ce abin damuwa ne, kamfanin ya daina, ya ba da kayan kankare rubutun. Ka yi tunanin yaron da ya tsinci irin wannan kusa da gawar ubansa, wa zai sake yi masa bishara ya saurara?

Ka riƙe Sabon Alkawari a aljihu, ka karanta Matiyu 26:52 kafin ka fita aiki. Idan sun yi maka dariya, ka ƙyale su. Kuma ka riƙa kwana da wuri in ka samu dama, gajiya ma tana da hannu a abin da ya faru da ni a wancan daren. In wani abu ya riga ya faru da kai wanda ba ka iya rubutawa a nan ba, ka neme ni ta saƙo. Ni sai bayan shekara shida na iya gaya wa matata.