Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Gilashin da Na Narka Yake Tsagewa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni maƙeri ne a Zariya, kuma gadon sana'ar na yi. Kwanakin baya ɗana ya nuna mini wani bidiyo a wayarsa, inda wani Bature ya ɗebo narkakken gilashi a bakin sandar ƙarfe, ya ja nan ya matse can, kafin a jima sai ga doki tsaye da ƙafafunsa. Abin ya ba ni sha'awa, sai na farfasa kwalaben lemo na narka su a maƙerata, har na samu na fitar da wani abu mai kama da fure, amma bai yi minti goma a ajiye ba ya tsage da kansa. Sau uku ina gwadawa, sau uku yana tsagewa. Ina kuskuren yake, kuma anya mutum irina zai iya koyon wannan aiki?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Tun da har ka iya narka kwalba da gawayi da zugazugi ka kuma fitar da fure, to wutarka da hannunka ba su da laifi. Matsalar tana wajen hucewa, wato sashen aikin da masu ɗaukar bidiyo ba su cika nunawa ba, domin babu abin kallo a cikinsa.

Gilashi ba ya saurin watsa zafi a jikinsa yadda ƙarfe yake yi. Idan ka ajiye shi a iska, bayansa yakan huce ya sandare alhali cikinsa yana nan da zafi, kuma daga baya, sa'ad da cikin ya fara hucewa yana tsukewa, sai ya riƙa jan bayan da ya riga ya ƙame, har ja-in-jar ta fi ƙarfin gilashin ya tsage. Wanda ya taɓa ganin ɗigon ruwa ya faɗa wa gilashin fitilar ƙwai tana ci ya ga wannan da idonsa. Ku maƙera kun saba tsoma ƙarfe mai zafi a ruwa domin ya yi tauri, amma gilashi akasin haka yake bukata. Da zarar an gama aiki, ana saka shi a wani tanderu na musamman mai zafin kusan digiri 500 a ma'aunin Salshiyos, a bar shi har zafin ciki da na waje su daidaita, sannan a riƙa rage wutar a hankali. Kofi mara kauri kwana ɗaya ya ishe shi, amma dunƙulallen abu mai kauri yana iya ɗaukar kwanaki ko makonni. A shekarar 1934, sa'ad da kamfanin Corning na Amurka ya zuba faifan gilashi mai faɗin kusan mita 5 domin madubin hangen taurari na Dutsen Palomar, sai da aka yi kusan wata goma ana hucar da shi.

Akwai kuma matsalar kwalaben kansu. Idan ka haɗa koriyar kwalba da fara da mai ruwan ƙasa, to ka haɗa gilasai waɗanda ba lallai su riƙa tsukewa daidai da juna ba, kuma a nan ko an hucar da su bisa ƙa'ida suna iya rabuwa a inda suka haɗu. Bayan haka, gilashin kwalba an harhaɗa shi ne domin inji, wanda yake so ya ƙame cikin daƙiƙu kaɗan a fitar da shi daga mazubi. Masu aikin hannu suna amfani da haɗin da yake daɗewa da laushi. Asalin kayan dai ɗaya ne, wato rairayi kusan kashi 70 cikin ɗari, sai sinadarin soda, ɗan'uwan kanwarmu, wanda yake sa rairayin ya narke a zafin da bai kai nasa na asali ba (rairayi zalla sai wuta ta kai kimanin digiri 1,700), sai kuma farar ƙasa da take hana ruwa cin gilashin.

Game da abin da ka gani a bidiyon, wani zai iya kiran sa sassaƙa, amma kalmar ba ta dace da shi sosai ba. Masassaƙi yana rage itace da gizago, yana iya ajiye aikinsa ya je sallah ya dawo ya tarar da shi yadda ya bar shi. Mai aikin gilashi ya fi kama da mai jan alewa, wanda ya san cewa idan ya yi jinkiri kaɗan alewar ta ƙame a hannunsa. Ana ɗebo gilashin daga tanderu mai zafin kusan digiri 1,100 yana malala kamar zuma, kuma dole a riƙa juya sandar ba tsayawa, in ba haka ba ya zubo ƙasa. Sau da yawa bai kai minti ɗaya ba yake fara taurara, sai a mayar da shi bakin wuta ya yi laushi, a fito a ci gaba. Wahalar ita ce zafin da zai tausasa wuyan dokin shi ne zai narkar da kunnensa da aka riga aka gama, kuma idan an daɗe ana gyaran kai sai ƙafar da aka manta da ita ta huce ta karye. Duk wannan ana yin sa ba tare da an taɓa abin da hannu ba, sai da awartaki, da almakashi, da ludayin katako da yake kwana a ruwa, da kuma tsohuwar jarida da aka ninka aka jiƙa, wadda ita ce mafi kusa da tafin hannu a cikin kayan aikin.

Irin wannan ɗan doki, ƙwararrun tsibirin Murano na Italiya sukan fitar da shi a gaban baƙi cikin mintuna kaɗan, amma a bayan mintunan nan akwai ƙarnoni. A shekarar 1291 hukumomin birnin Benis, wanda ke kusa da Murano, suka umarci a mayar da tanderun gilashi zuwa wannan tsibiri saboda tsoron gobara, daga baya kuma aka hana ƙwararrun ƙaura zuwa wasu ƙasashe don kada sirrin sana'ar ya fita. A can yaro yakan fara da hidimar tanderu shekara da shekaru kafin a bar shi ya zauna a kujerar maigida. Lino Tagliapietra, wanda aka haifa a 1934, ya shiga aikin yana ɗan shekara 11 ko 12, kuma sai da ya haura ashirin aka kira shi ƙwararre. Manyan ayyuka kuwa mutum ɗaya ba ya yin su. Dale Chihuly na Amurka ya rasa ganin idonsa na hagu a hatsarin mota a 1976, kafaɗarsa ta goce a 1979, daga nan ya daina riƙe sanda ya koma zana siffofi yana jagorantar ma'aikatansa, kuma mafi shaharar ayyukansa bayan haka aka yi su.

Amsar tambayarka ta biyu ita ce za ka iya, amma a ganina ba daga fure ko doki ya kamata ka fara ba, kuma ba sai ka je Italiya ba. A unguwar Masaga da ke Bida, a Jihar Neja, akwai Nufawa da suka gaji aikin gilashi kaka da kakanni, suna narka kwalabe a murhun ƙasa da zugazugi irin naka, suna naɗa gilashin a tsinken ƙarfe su fitar da duwatsun wuya da awarwaro. Wannan sana'a tana cikin waɗanda garin ya yi suna da su har hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta saka shi a jerin biranen fasahar hannu a 2021. Abin da suke yi ƙarami ne, shi ya sa bai cika tsagewa ba, domin zafin cikinsa da na bayansa ba su yin nisa da juna.

Idan za ka sake gwadawa kafin ka samu zuwa wurinsu, ka zaɓi kwalabe iri ɗaya masu launi ɗaya, ka wanke su, ka yi abin da bai wuce girman goro ba, kuma da zarar ja ya bar jikinsa ka binne shi a toka mai zafi kusa da wuta, kada ka tono shi sai gari ya waye. Wannan bai kai tanderun hucarwa ba, amma ga ƙananan abubuwa yana rage asara ƙwarai. Ka sa tabarau mai kare ido daga hasken wuta da tartsatsin gilashi, ka sa rigar auduga domin ta roba tana narkewa ta manne a fata, sannan idan za ka daka kwalba ka jiƙa ta da ruwa tukuna, saboda ƙurarta tana cutar da huhu.