Tambaya da Amsa: Firigo na jan yara, mai gyara ya ce ba komai

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwar gida ce a unguwar Wadata, nan Tahoua. Bara muka tare a gidan da maigidana ya gina. Tun da damina ta kama, duk wanda ya taɓa ƙofar firigo ba takalmi sai ya ji kuran ya ja shi, har autana ɗan shekara 4 ya daina kusantar ta. Wanda ya yi mana aikin wutar gidan ya zo ya duba, ya ce mu shimfiɗa tabarmar roba a gabanta, wai da akwai hatsari ai da disjonktar ɗin kwantar ya faɗi da kansa. Maigida yana Abijan wurin bida, shi ya ce in tambaye ka. Mi ya kamata in yi?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin ki ƙarasa karanta amsar nan, don Allah ki tashi ki zare firigon daga bango. Abin da ke ciki a dafa shi ko a kai maƙwabta.

Maganar mai gyaran ba daidai ba ce. Disjonktar ɗin da Nigelec ke sawa kusa da kwantar, a mafi yawan gidaje ba ya faɗuwa sai wutar da ke zurarewa ta kai miliampar 500 (miliampar ma'aunin yawan wutar da ke gudu ne). Shi kuwa ɗan Adam, abin da ya wuce miliampar 30 in ya ratsa ƙirjinsa yana iya hana shi numfashi, in ya ƙaru kaɗan ya rikita bugun zuciya. Kin ga ke nan mutum zai iya rasa ransa, na'urar tana tsaye ba ta motsa ba. Aikinta tsare layi da iyakance ƙarfin da kuka biya. Daga kwantar zuwa waje na kamfani ne, da hatiminsa a jiki, ba a taɓawa. Daga nan zuwa cikin ɗakuna kuwa, wuyan mai gida ne.

Abin da ke faruwa a gidanku abu biyu ne suka haɗu. A cikin firigon akwai inda wuta ke taɓa ƙarfen jikinta, ko waya ta goge ko injin ya fara lalacewa. Sannan babu hanyar da za ta kwashe wannan wutar ta kai ta ƙasa, sai ta jira ƙafar yaro. Da rani simintin ɗaki a bushe yake, shi ya sa ba ku ji ba. Yanzu ƙasa ta sha ruwa, bolt 220 ya samu hanya.

Ƙa'idar da aka koyar da mu, kuma ita ake bi a nan Nijar kamar sauran ƙasashe masu amfani da Faransanci, ita ce NF C 15-100. Ta ce kowane priz waya uku ke zuwa masa: mai wuta, ja ko baƙa ko ruwan ƙasa; shuɗiya, mai mayar da wutar; sai ta uku mai ratsin kore da rawaya, wayar ƙasa, wadda ke tafiya har ga sandar ƙarfe da aka kafa a tsakar gida. Ki sa a kashe wuta a buɗe priz ɗin firigon a gabanki. Ina kyautata zaton waya biyu za ki gani. Na buɗe irinsu ba adadi a Bukoki da Talaje, can Yamai, tsinken ƙasa yana nan a fuskar priz yana ƙyalli, bayansa ba a ɗaura komai ba. Ana yin haka don a rage nadin waya ɗaya, kuma sau da yawa mai gidan ne ya matsa a rage kuɗi, bai san abin da ya rage ba.

Sandar ƙasar nan ita ce inda Tahoua ke ba da wahala, zan ɗan tsaya a kanta. Yashi busasshe ba ya karɓar wuta da kyau. Ƙa'ida ta ce sanda ta nutse aƙalla mita 2, kuma in an auna yadda ƙasar ke hana wuta wucewa kada ta wuce om 100. Buga guntun ƙarfen gini kamu biyu a gindin bango ba shi ne ba. A ƙasa irin taku sau da yawa sai an kafa sanda biyu ko uku nesa da juna an haɗa su, a inda ƙasa ke riƙe laima. Kuma da na'ura ake aunawa, ba da ido ba. In an auna yanzu, a sake aunawa a watan Afrilu, lokacin da ƙasa ta fi bushewa, don awon damina yana yaudara. Wanda bai fara gini ba ya fi kowa sa'a: a shimfiɗa wayar jan ƙarfe tsirara mai kauri lamba 25 a cikin ramin tushe, ya zagaye gidan, kafin a zuba kankare. Kada ki yarda a ɗaura wayar ƙasa a bututun famfo, kada kuma a haɗa ta da shuɗiyar waya a cikin priz. Dabaru ne da wasu ke yi don aiki ya ƙare da wuri, kuma duka biyun suna kisa.

Abu na biyu bayan wayar ƙasa shi ne a sa difaransiyal mai miliampar 30 a tablo, akwatin da ke rarraba wuta cikin gida. Yana kwatanta wutar da ta shiga da wadda ta dawo, da ya ga giɓi sai ya yanke kafin ƙiftawar ido. In da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak a gidan da ke da yara, shi zan zaɓa. Yana da maɓalli mai harafin T, ki riƙa danna shi sau ɗaya a wata. In wuta ba ta ɗauke ba, ya mutu, a canza. Ranar da aka sa shi zai iya faɗuwa da zarar an jona firigon nan. Ba lalacewa ya yi ba, firigon yake nuna miki, sai a kai ta gyara.

Tunda za a buɗe tablo, a duba kaurin wayoyi. Fitilu waya 1,5 da disjonktar da bai wuce ampar 16 ba, priz waya 2,5 da wanda bai wuce 20 ba, kilim kuma layinsa daban. Ƙarfin da ake rubuta wa waya a zafin digiri 30 aka lissafa shi. A digiri 45, wanda ƙarƙashin rufin kwano ke wucewa da bazara, kusan kashi 80 cikin 100 kawai take ɗauka. Wanda zai sayo waya, a kasuwar Tahoua ne ko a Katako, ya kankare bakinta da wuƙa. In cikin fari ne, alminiyam ne aka shafa wa ja, a bar musu abinsu.

Ki nemi wani ma'aikacin daban mai na'urar awo, ya rubuta miki abin da ya auna a takarda ki tura wa maigida. Ki kuma tambayi maigida ko yana da takardar shaidar masu binciken wutar cikin gida, SIEIN, wadda ake nema kafin a sa kwantar. In Allah ya kiyaye wuta ta riƙe wani, kada a kama shi da hannu. A kashe disjonktar, ko a ture shi da busasshen icce, a kira 'yan kwana-kwana a lamba 18, kuma a kai shi likita ko da ya miƙe ya ce lafiya lau yake.

TAMBAYA: Malam, ina da shagon ɗinki a Lazare, Yamai. In an ɗauke wuta nakan jona gurup ɗina a priz ɗin bango da waya mai kai biyu. Akwai laifi?

AMSA: Akwai, ɗan'uwa, babba. Ranar da ka manta ba ka kashe disjonktar ba, wutar gurup ɗinka za ta fita ta bi layi, ta samu ma'aikacin da ke kan falwaya yana gyara da tabbacin babu wuta. In kuma kuran ya dawo gurup na aiki, ga ƙonewar inji, ga gobara cikin yadi. Shi kansa kan wayar da ke hannunka tsinkayensa tsirara suke da wuta. A sa maka ambarsar, makunni mai hannu ɗaya da ke zaɓar ko Nigelec ko gurup, ba ya barin su haɗu. Gurup ɗin kuma a waje, nesa da ƙofa, saboda hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji wari ba.