Jiragen sama sun koma bi ta saman gidanmu a Agege: me ya sauya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe zaune a Agege da iyalina, kuma mun saba hango jiragen sama suna wucewa can gefe. Amma a 'yan watannin nan sun koma bi ta saman rufinmu, dare da rana. Yara suna firgita cikin barci, malamin Islamiyyar layinmu sai ya dakata da karatu har jirgi ya wuce, ga shi kuma bangon ɗakina ya tsage. Shin hanyar jiragen aka sauya? Akwai illa ga lafiyarmu? Kuma wa za mu kai wa kukanmu? Daga wani magidanci a Agege, Legas.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da kunnenka ya gaya maka gaskiya ne, domin hanyar jirgi a sama tana sauyawa, kuma kaucewar da ba ta wuce kilomita ɗaya ba ta isa ta ɗauke ƙara daga wata unguwa ta sauke ta a kan wata.

Filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Ikeja yana da tituna biyu na sauka da tashi, waɗanda suka miƙe daga arewa zuwa kudu. Babban cikinsu, mai lamba 18R, tsawonsa mita 3,900 ne, kuma shi manyan jiragen ƙasashen waje suka fi amfani da shi; ɗayan, 18L, bai kai shi tsawo ba, yana kusa da ɓangaren jiragen cikin gida. Jirgi yana sauka ne yana fuskantar iska, haka ma idan zai tashi, kuma da yake iskar Legas a mafi yawan shekara daga wajen teku take kaɗowa, jiragen da za su sauka sukan biyo ta arewa, ta saman Iju da Agege, masu tashi kuma su nufi kudu ta wajen Mafoluku da Isolo. Jirgi mai sauka yana gangarowa kimanin mita 50 a kowace kilomita, saboda haka gidan da yake kilomita huɗu daga bakin titin, jirgin da ke wucewa a kansa bai fi mita 200 da 'yan kai daga ƙasa ba. Shi ya sa yaro a tsakar gida yake iya ganin tayoyinsa a waje, har ya karanta sunan kamfanin da ke jikinsa.

Abin da ya fi jawo irin sauyin da ka gani shi ne rufe ɗaya daga cikin titunan domin gyara. A 2022 an rufe 18L na wasu watanni domin a sanya masa fitilun sauka da dare, sannan a 2023 aka rufe 18R, ba a sake buɗe shi ba sai a farkon 2024. Duk lokacin da haka ta faru, jiragen tituna biyu sai su haɗu a kan layi ɗaya, mutanen da ke ƙarƙashinsa su wayi gari da manyan jiragen da a da can gefe suke wucewa, waɗanda da yawa daga cikinsu da daddare suke zirga-zirga. Juyawar iska ma tana iya sa a juya alkiblar sauka da tashi, amma wannan ba ya daɗewa. Sai kuma tsarin zamani na bin hanya da tauraron ɗan'adam, wanda ya sa jirage suke bin layi ɗaya tak maimakon su ɗan warwatsu kamar da. Tsarin yana rage shan mai, amma yana tara ƙarar a kan gidaje ƙalilan. A birnin Phoenix na Amurka, sauya hanyoyi a 2014 ba tare da tuntuɓar mazauna yadda ya kamata ba ya kai ga shari'a, kuma a 2017 kotu ta ba birnin gaskiya.

Game da lafiya, abin da ya fi damuna shi ne barci da karatun yara. Ƙarar jirgi a unguwa irin taku ba kasafai take kurumtar da mutum ba, amma tana tsinka barci ko da mai barcin bai farka sarai ba, bugun zuciyarsa ya ƙaru, kuma bincike ya danganta daɗewa cikin wannan hali da hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar wa yankin Turai a 2018, ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙarar jirage ya wuce desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 45 idan an haɗa awa 24, da 40 da dare. Da aka sauya wa filin jirgin Munich na Jamus mazauni a 1992, masu bincike sun bi diddigin yaran wuraren biyu, suka tarar cewa karatun yaran da ke kusa da tsohon filin ya gyaru, na kusa da sabon kuma ya ja baya. Don haka dakatawar da malamin Islamiyya yake yi ba ƙaramin abu ba ne, domin kowace dakatawa tana yanke hankalin yaro daga ayar da yake ƙoƙarin haddacewa. Waɗanda suke cewa mutum zai saba suna magana ne a kan kunne. Jiki kuwa yana ci gaba da amsa ƙarar cikin dare.

Tsagewar bango kuwa da wuya ta zama daga jirgi. Ƙara tana kaɗa tagogi da kwanon rufi, kuma guguwar da fikafikan babban jirgi ke bari a baya tana iya ɗaga rufin da bai kafu ba, amma tsagar bango a Legas ta fi zuwa daga tushen gini ko ruwan da ke kwanciya a gindinsa. Ka kira magini ya duba, kada ka jira. A cikin gida, silin mai kauri da toshe kafofin taga suna rage ƙarar, kuma yana da kyau yara su kwana a ɗakin da ya fi rufuwa, muddin iska tana shiga.

Hukumar NAMA ce take tsara hanyoyin jirage a sararin Najeriya, FAAN take kula da filin da titunansa, NCAA kuma take sa ido a kansu duka, yayin da LASEPA take karɓar koke kan hayaniya a jihar Legas. Kukan mutum ɗaya ba ya nisa, saboda haka ku haɗu da Sarkin Hausawan yankinku da ƙungiyar ci gaban unguwa da maƙwabtanku Yarabawa, ku yi makonni biyu kuna rubuta lokacin da kowane jirgi ya wuce da daddare, tare da abin da manhajar auna ƙara ta waya ta nuna. Ku rubuta takarda ɗaya da sa hannun masu gidaje da shugabannin makarantu, ku tambayi abin da aka sauya da ranar da zai ƙare. Ku nemi a duba rage zirga-zirgar tsakar dare, domin filin jirgin Frankfurt ya hana sauka da tashi daga ƙarfe 11 na dare zuwa 5 na asuba tun 2011. Kuma ku dage a kan cewa duk lokacin da za a rufe titi, yadda ake sanar da kamfanonin jirage tun da wuri, a sanar da unguwannin da jiragen za su koma kansu ta hannun ƙaramar hukumar Agege.