Amsa kan ayyukan gwamnati na intanet

Malam, ka tambaya me ya sa wasu ayyukan gwamnati da aka mayar intanet suke tafiya sumul wasu kuma sai ciwon kai. To ni shekara tara kenan ina riƙe da kafe, wato shagon intanet, cike-ciken nan su ne abincina, bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Kowa netwok yake ɗora wa laifi, eh akwai wannan, ga rashin wuta sai ka tada janareta. Amma wallahi abin da ya fi kayar da mutane a shagona suna ne. Mutum ɗaya, a NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa) Muhammad, a BVN (lambar tantancewa ta banki) Mohammed, a takardar sakandare Moh'd, ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata tunda yawancinmu ƙiyasi aka yi mana, shi ya sa za ka ga jama'a tuli wai duk 1 ga Janairu aka haife su. Da can ma'aikaci zai dube ka ya gane kai ne, ita kwamfuta ba ruwanta, harafi ɗaya ya saɓa ta tsaya cak. Tun da aka ce a haɗa layin waya da NIN a ƙarshen 2020, JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, ita ma ta wajabta NIN ɗin a 2021, abin ya fito fili.

Sai kuma wa za ka kai wa kuka in abu ya maƙale. Wani dattijo na biya masa kuɗin wata takarda, banki ya cire, shafin ya nace bai biya ba, lambar wayar da suka saka a shafin ba mai ɗauka, bawan Allah ya yi sawu uku zuwa ofishin kullum sai a ce masa saba ta sauka, wato babbar kwamfutarsu ba ta aiki, ya dawo gobe. Ya ce min "ɗana, in dai sai na je da ƙafata to mene ne amfanin intanet ɗin?" Na rasa amsa.

Ayyukan da na ga sun karɓu su ne masu aiki a ƙaramar waya mai tocila ba sai da data ba. Ka danna *346# lambar NIN ɗinka ta fito, ɗalibi ya tura saƙo zuwa 55019 ya samu kod ɗin rajistar JAMB. Wasu shafukan kuwa Turanci zalla, ga nauyi kamar buhun siminti, kafin hoto ya hau datarka ta ƙare.

Ni yanzu kafin in taɓa kuɗin mutum sai ya baje min takardunsa a kan tebur mun bi sunan harafi-harafi.