Ka ɗora shafin nan tun kana gida

Ƙanena, barka da war haka. Na ga saƙonka, ka ce ka gama gina shafin da zai nuna ayyukanka, yana tafiya lafiya lau a kwamfutarka, kana tambaya ko ka bari sai ka iso Jamus ka ɗora shi. Kada ka jira. Wanda zai duba takardunka a jami'a, ko kamfanin da za ka nemi aikin ɗalibi a wurinsa, ba shi da hanyar buɗe localhost, don kwamfutarka kaɗai ta san wannan adireshin. Gani ya kori ji: a ba mutum adireshi ya latsa da kansa.

Fara da sunan shafin, wato adireshinsa na intanet (domain). Ba ka buƙatar .de na Jamus. Ka sayi .com.ng ko .ng a wurin dillalan da NiRA, mai kula da sunayen .ng, ta amince da su, ka biya da naira. Abin da nake so ka riƙe shi ne a yi rajistar da sunanka da imel ɗinka. Yaranmu kan ba aboki mai katin dala ya saya musu, ranar da aka ɓata ko ya canza lamba, suna ya maƙale a hannunsa. Kuma duk shekara ake sabuntawa, ka sa tuni a waya.

Idan HTML da CSS ne zalla, GitHub Pages, wurin ɗora shafuka na dandalin ajiye lambobin manhaja GitHub, kyauta ne, ya ishe ka. Amma ka ce da manhajar gina shafuka ta WordPress ka yi, to nan aikin yake. Kwashe fayiloli zuwa saba, wato kwamfutar da za ta riƙe shafin a intanet, ba wuya. Matsalar tana cikin rumbun bayanai, inda WordPress ya rubuta tsohon adireshin a ɗaruruwan wurare, har a hotuna. A kwamfutarka komai zai fito daidai, a wayar wani kuwa sai ramuka a gurbin hotuna. Kada ka buɗe fayil ɗin rumbun bayanan ka canza adireshin da hannu, domin wasu bayanan an ajiye su tare da ƙidayar haruffansu, tsawo na canzawa saituna su watse. Yi amfani da umarnin search-replace na WP-CLI, manhajar ba WordPress umarni a rubuce. Sannan ka cire alamar da ke hana Google ganin shafin, wadda ake sawa lokacin gini a manta da ita. Ka kashe WP_DEBUG, saitin da ke nuna kurakurai lokacin gini. Duk kalmar sirrin da ta taɓa shiga GitHub, ɗauka ta tonu, canza ta.

Daga nan ka je DNS, tsarin da ke haɗa suna da saba, ka nuna wa sunan lambar IP ta sabar, wato lambar adireshinta a intanet. Yakan ɗauki sa'o'i, wani lokaci har kwana biyu, kafin ya kai ko'ina, saboda haka kada ka yi ta taɓe-taɓe. Takardar tsaron shafi ta https da Let's Encrypt ke bayarwa kyauta ce, kwana 90 take yi, ka tabbatar tana sabunta kanta.

Da ka sauka nan kuma, wasu dokoki za su hau kanka. Shafin da ba na sha'ani na kai kawai ba sai ya ɗauki Impressum, wato cikakken suna da adireshin inda ake samunka, kuma akwai lauyoyin da ke aiko wasiƙar neman kuɗi kan rashinsa. A Janairun 2022 wata kotu a Munich ta sa mai wani shafi biyan Yuro 100 saboda yana ɗauko salon rubutu kai tsaye daga Google Fonts, abin da ke miƙa wa Google lambar IP ta mai ziyara. Sauke salon rubutun ka ajiye a sabarka tun yanzu, aikin minti kaɗan ne.

Wanda ya fi damuna shi ne layin da ka ce ka rubuta na karɓar kwangilar gina shafuka. A gida ba laifi. A nan izinin ɗalibi ya ba ka aikin albashi na kwana 140 a shekara, amma sana'ar kai sai da amincewar ofishin baƙi. Ka cire layin kafin ka taso.

Idan ya hau, gwada shi da datar waya, ba a kwamfutar da ka gina shi ba, sannan ka turo min adireshin in buɗe daga nan. A gaishe min da Inna.